PTSDpubs a kan sikeli: abin da yake kamowa da abin da yake bari ga mai bitar binciken damuwar bayan masifa

Rubuta kalmar trauma ita kaɗai a akwatin neman PubMed, babban rumbun maƙalun likitanci, ka danna, sannan ka leƙa shafin da ke nuna yadda na'urar ta fahimci abin da ka rubuta. Za ka tarar ta kai ka ga Wounds and Injuries, wato raunukan jiki: karaya, ƙuna, sara, buguwar kai a hatsarin mota. Sakamakon ya haura miliyan, kuma galibinsa aikin likitocin ƙashi ne da na tiyata. Kai kuwa abin da ya kawo ka shi ne ciwon da ke zama a zuciya da tunani bayan yaƙi, fyaɗe, azabtarwa, girgizar ƙasa ko ambaliya, wanda ake taƙaita sunansa da PTSD. Rikicin wannan kalma ɗaya ya isa ya nuna dalilin da ya sa masu bita mai tsari, wato masu tattara duk binciken da aka yi kan tambaya ɗaya bisa ƙa'ida, a wannan fage suke buƙatar rumbun da aka gina domin su. Rumbun nan shi ne PTSDpubs.

Hukuncinmu a kansa ba mai tsawo ba ne. Duk bitar da ta shafi damuwar bayan masifa, in ba ta bi ta PTSDpubs ba, akwai giɓi a cikinta. Wadda ta tsaya a kansa shi kaɗai kuwa, giɓinta ya fi na farkon girma. Kuma yawancin waɗanda suke cewa bai ƙara musu komai ba, sun shiga ne da dabarar neman da suka rubuta domin wani rumbu dabam.

Asalinsa

Cibiyar National Center for PTSD ce ke da shi, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, an kuma kafa ta a 1989. Masanin laburare Fred Lerner ne ya gina rumbun a ofishin cibiyar da ke White River Junction a jihar Vermont, da sunan PILOTS. A 2019 aka sauya sunan zuwa PTSDpubs. Wannan ƙaramin bayani yana da amfani a aikace: in kana karanta tsofaffin bitoci ka ga sun ce sun nema a PILOTS, rumbu ɗaya ne, kada ka ƙirga su biyu. Ana shiga kyauta ta shafin cibiyar, kuma a kan ProQuest, dandalin neman da ke ɗauke da rumbuna da dama, aka san shi. Abin da ke ciki bayanan wallafa ne da tsakure, ba cikakkun maƙalu ba. Samo maƙalar kanta aikin laburarenka ne.

Bambancinsa da manyan rumbuna yana wajen zaɓe. MEDLINE, wanda shi ne ginshiƙin PubMed, da Embase da PsycINFO suna zaɓen mujallu ne, sannan su shigar da abin da mujallun suka buga. PTSDpubs batu yake bi. Manufarsa ita ce ya tattara duk abin da aka wallafa kan damuwar bayan masifa, ko daga wane fanni, ko da wane harshe, ko daga wace ƙasa. Shi ya sa za ka ci karo da babin littafi, kundin digiri, rahoton wata hukuma, maƙala daga mujallar aikin jin daɗin jama'a ko ta shari'a ko ta nazarin addini, abubuwan da galibinsu MEDLINE ba zai nuna maka ba. Girmansa dubun-dubata ne, alhali PubMed ya haura miliyan 35. Ƙanƙantar nan ita ce ƙarfinsa, domin wani ya riga ya yi maka zagayen farko na tankaɗe da rairaya.

Ciwo ɗaya, sunaye barkatai

A nan ne rumbun ya fi burge mu, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Sunan PTSD bai shiga littafin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka ba sai a bugu na uku, DSM-III, a 1980. Amma likitoci sun daɗe suna rubutu a kan abin kafin a raɗa masa wannan suna. John Erichsen ya yi rubutu a 1866 kan waɗanda suka tsira daga hatsarin jirgin ƙasa, abin da aka riƙa kira railway spine. Jacob Da Costa ya bayyana irritable heart a 1871 daga abin da ya gani a jikin sojojin yaƙin basasar Amurka. Hermann Oppenheim a Jamus ya yi amfani da traumatic neurosis a 1889. Charles Myers ya buga maƙala a mujallar Lancet a 1915 da kalmar shell shock. Yaƙin duniya na biyu ya zo da combat fatigue, DSM na farko a 1952 ya ce gross stress reaction, sannan Ann Burgess da Lynda Holmstrom suka kawo rape trauma syndrome a 1974. Wanda ya nemi PTSD kawai a take da tsakure, ya yanke duk wannan ƙarni guda ya jefar ba tare da ya sani ba. PTSDpubs ya koma baya har ƙarni na sha tara, kuma masu yi masa fihirisa sun san waɗannan sunaye duka.

Ko bayan 1980 ma sunan bai zauna wuri ɗaya ba. Ana rubuta posttraumatic a haɗe, post-traumatic da karan ɗori, post traumatic a rabe. DSM-IV a 1994 ya ƙaro acute stress disorder. Judith Herman ta gabatar da complex PTSD a 1992, sai ga shi ya shiga ICD-11, jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, da lambarsa ta kansa 6B41, kusa da 6B40 ta PTSD. Jamusawa suna taƙaita shi PTBS, Faransawa TSPT ko ESPT, masu Sifaniyanci TEPT. A babban rumbu dole ka jera duk waɗannan da hannunka. A PTSDpubs an riga an kewaye filin, aikinka ya koma neman abin da kake so a cikinsa.

Daga nan ne ƙa'idar farko ta fito, wadda mutane da yawa suke karyawa: kada ka nemi PTSD a cikin PTSDpubs, sai da dalili mai ƙarfi. Ɗauki misalin tambaya irin wannan: shin maganin narrative exposure therapy, wanda Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert suka tsara, yana rage alamomin ciwon ga 'yan gudun hijira? Tambayar ƙafa uku gare ta: ciwon, maganin, da mutanen. A MEDLINE za ka gina rukunin kalmomi ga kowace ƙafa ka haɗa su da AND. A PTSDpubs ka sauke ƙafar ciwon gaba ɗaya. In ka bar ta, ba abin da za ta ƙara maka, sai dai ta zubar da maƙalar da tsakurenta ya ce war-related distress ko torture survivors bai ambaci PTSD ba. Sau da yawa ma ƙafar maganin kaɗai ta isa, domin sakamakon ba zai wuce abin da mutum biyu za su tantance cikin 'yan kwanaki ba. Kowane AND da ka ƙara ƙofa ce ta asara, don haka ba a ƙara shi sai yawan sakamako ya tilasta.

Matakan aiki a ciki

Da farko ka tabbatar rumbun da kake ciki. In ta laburaren jami'a ka shiga ProQuest, sau da yawa za ka tarar an zaɓi rumbuna da dama a tare. Cire alamar duka, ka bar PTSDpubs kaɗai. In ba haka ba, adadin da za ka rubuta a rahotonka ba na PTSDpubs ba ne, kuma ƙamusun kalmomin rumbun ba zai yi aiki yadda ya kamata ba.

Na biyu, buɗe ƙamusun. PTSDpubs yana da nasa jerin kalmomin fihirisa, ba MeSH na MEDLINE ba ne, ba kuma na PsycINFO ba. An gina shi ne bisa yadda masu wannan fage suke tunani: irin masifar da ta faru, irin mutanen da ta shafa, illar da ta bari, yadda aka auna, da maganin da aka gwada. Hanya mafi sauri ta koyon sa ita ce ka nemo maƙalu biyar ko shida da ka riga ka san sun dace da bitarka, ka buɗe cikakken bayanin kowace, ka kwafe kalmomin da aka liƙa mata. Kalmar da ta maimaitu a yawancinsu ita ce ginshiƙinka. Sai ka duba ta a ƙamusun, ka ga waɗanda ke ƙarƙashinta, ka yanke ko za ka haɗa da su.

Na uku, haɗa kalmar fihirisa da kalmomin da marubuta ke amfani da su da kansu, da OR a tsakani. Ga misalinmu, ƙafar maganin za ta ƙunshi narrative exposure, da KIDNET na yara, da FORNET na waɗanda suka cutar da wasu da hannunsu, har da testimony therapy, dabarar da aka fara a Chile zamanin mulkin Pinochet wadda maganin ya samo tushe daga gare ta. Ƙafar mutanen kuma refugee*, asylum, displaced, forced migration da makamantansu. Dalilin haɗa biyun shi ne mai fihirisa ɗan Adam ne, yakan tsallake abu, marubuci kuma yakan kira abu da sunan da ba ka zata ba. Kowanne yana toshe ɓarakar ɗan'uwansa.

Yanzu ga halayen dandalin da ke cutar da mutane a ɓoye. Alamar tauraro a ProQuest haruffa biyar kawai take ƙarawa a ƙarshen kalma. Ka rubuta trauma* za ta kamo traumatic da traumatized, amma traumatization ta kuɓuce, domin haruffa takwas ne suka biyo bayan tushen. Maganin shi ne ka faɗa mata adadin, kamar trauma[*9]. Ta ɗaya gefen kuma, yanke kalma da wuri yana jawo shara: migra* zai kawo maka migraine, ciwon ɓarin kai, tare da migrant.

Sai tsarin da dandalin ke bi wajen karanta umarni. ProQuest yana aiwatar da AND kafin OR, PubMed kuwa daga hagu zuwa dama yake tafiya. Ka rubuta refugee* OR asylum AND child* ba tare da alamar baka, wato ( ), ba. PubMed zai haɗa biyun farko sannan ya taƙaita ga yara. ProQuest zai haɗa asylum da child* tukuna, sannan ya zubo maka duk abin da ya ambaci refugee, yara da manya. Layi ɗaya, sakamako biyu mabambanta, kuma babu wanda zai yi maka gargaɗi. Saboda haka muke ba da shawarar gina nema layi-layi: kowace ƙafa a layinta, sannan a haɗa layukan a shafin tarihin nema. Kuskure ya fi saurin bayyana a haka.

Alamar zance ma tana da nata tasiri. In ba ka sa ta ba, dandalin yakan nemo jam'i da bambancin rubutun Ingila da na Amurka da kansa. Da ka kulle jimla a cikinta, wannan taimako ya tsaya, sai ka rubuta desensitization da desensitisation duka biyu. Haka kuma dandalin yana ɓoye bayanan da yake ganin maimaici ne, shi ya sa adadin da ka gani a shafin farko kan ragu in ka kai shafin ƙarshe. Rubuta adadin da ka sauke a zahiri, kuma ka faɗi ko ka bar wannan tacewa a kunne. Tarihin nema yana gogewa da zarar zaman ya ƙare, don haka buɗe asusun My Research ka adana, sannan ka kwafe komai cikin fayil a ranar.

Filin ma'aunai

In akwai abu ɗaya da ya isa a shiga PTSDpubs dominsa, to shi ne jerin ma'aunan da yake liƙa wa kowane bincike. Rumbun yana rubuta takardun gwajin da masu binciken suka yi amfani da su, ko da tsakure bai ambace su ba, kuma ana iya nema da sunan ma'auni. Tsakure kalma ɗari biyu zuwa uku ne, marubuci ba ya ɓata su wajen jera ma'aunai shida. A MEDLINE wannan bayani a binne yake cikin maƙala, sai ka samo ta ka karanta sashen hanyoyin bincike.

Amfanin wannan ya wuce sauƙi. Ma'anar ciwon kanta ta sauya. DSM-IV alamomi 17 ya lissafa a rukuni uku, DSM-5 na 2013 ya mayar da su 20 a rukuni huɗu, ICD-11 kuma ya taƙaita zuwa rukuni uku masu ƙarancin alamomi. Tsohon PCL mai tambaya 17 da PCL-5 mai tambaya 20 ba abu ɗaya suke aunawa ba. CAPS-5 hira ce da ƙwararre ke yi, IES-R mai tambaya 22 kuwa mutum ne ke cikewa da kansa, kuma ba a gina ta domin yanke hukuncin cewa mutum yana da ciwon ba. In ƙa'idar bitarka ta ce sai binciken da ya tabbatar da ciwon ta hanyar hirar ƙwararre, filin ma'aunai zai nuna maka tun kafin ka sauke maƙala. Abin lura kawai: yi amfani da shi wajen ƙara kamu da saurin tantancewa, kada ka mayar da shi sharaɗin AND, domin bayanin da ba a cike masa filin ba zai ɓace.

Wannan ya kawo mu ga taƙaitattun sunaye, waɗanda a PTSDpubs ba su da haɗari sosai amma a babban rumbu bala'i ne. PCL a PubMed jijiyar bayan gwiwa ce, kuma sunan wani sinadarin roba ne da ake gwaji da shi. CAPS wasu cututtukan kumburi ne na gado. ASD, wanda a wannan fage acute stress disorder ne, a can galibi otizim ne ko huda a bangon zuciya. PE, NET da CPT a wannan fage sunayen hanyoyin magani ne, amma a can PE toshewar jijiyar huhu ce, NET wani nau'in ƙari ne, CPT kuma lambobin lissafin kuɗin asibiti ne a Amurka. EMDR, maganin da ake yi da motsin ido, da PTSD ne kaɗai za ka iya saki su yi yawo ba dabaibayi. Sauran sai a rubuta cikakken suna, ko a ɗaure su kusa da wata kalma kamar therapy ko checklist.

Inda ya gaza

Rumbun da mutane ƙalilan ke zaɓa wa kaya ba zai yi saurin PubMed ba, wanda mawallafa ke tura wa bayanai kai tsaye kuma ake sabunta shi kullum. Maƙalun watannin baya-bayan nan daga can za ka same su. Wannan kaɗai ya isa hana dogaro da PTSDpubs shi ɗaya.

Matsala ta biyu ta fi zurfi. Katangar da ta sa rumbun ya yi daɗin aiki, hukuncin wani ne ya gina ta, ba naka ba. A tsakiyar fili babu gardama. A gefe-gefe ne abin ke rikicewa: baƙin cikin rashi mai tsawo, wahalhalun ƙuruciya, raunin lamiri da sojoji da ma'aikatan lafiya ke fama da shi, gajiyar masu kula da waɗanda masifa ta shafa, ko binciken ciwon baƙin ciki da PTSD ya shigo a matsayin sakamako na uku ko na huɗu. Mai zaɓe zai iya ganin irin wannan bai kai a shigar ba, alhali ƙa'idar bitarka ta karɓe shi. Iya nisan tambayarka daga tsakiya, iya raguwar abin da za ka jingina a kan rumbun. Haka lamarin yake ga gwajin magunguna da binciken ƙwayoyin halitta da na dabbobi, inda Embase ya yi masa fintinkau saboda zurfin fihirisarsa ta sunayen magunguna da taƙaitattun bayanan taruka.

Na uku, matatun nema da aka gwada aka tabbatar, irin ta Cochrane, ƙungiyar masu bita mai tsari, mai zaƙulo gwajin da aka raba mahalarta ta hanyar ƙuri'a, an gina su ne a kan filayen MEDLINE. Ba a ɗauko su a dasa a nan. A PTSDpubs gara ka bar matata gaba ɗaya ka tantance da ido. Ba shi kuma da hanyar bin sawun waɗanda suka ambaci maƙala daga baya irin ta Scopus da Web of Science. Sauke sakamako mai yawa yana buƙatar haƙuri, kashi-kashi ake yi. Sannan wasu bayanan, musamman na littattafai da tsofaffin rahotanni, ba su da DOI, lambar shaidar maƙala, abin da ke sa manhajar cire maimaici ta kasa gane su.

Akwai kuma PTSD Repository na wannan cibiya, wanda mutane kan rikita da PTSDpubs. Shi bayanan da aka tsamo daga gwaje-gwajen magani ne, an jera su a tebur. Yana da kyau wajen gwada ko nemanka ya tsallake wani gwaji, amma ba ya maye gurbin nema.

Abokan tafiyarsa

Littafin jagoran Cochrane ya ɗauki CENTRAL, rumbun gwaje-gwaje na Cochrane, da MEDLINE da Embase a matsayin tushe ga bitar magani. A wannan fage PsycINFO dole ne. Wichor Bramer da abokan aikinsa a Rotterdam sun nuna a 2017 cewa haɗa Embase, MEDLINE, Web of Science da sakamakon farko na Google Scholar ya kamo kashi 98.3 cikin ɗari na maƙalun da bitocin da suka duba suka shigar, kuma rumbun da ya keɓanta da fanni yana ƙara nasa in batun ya faɗo cikin fanninsa. Gurbin PTSDpubs ke nan daidai. In bitar ta shafi ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda yawancin yaƙe-yaƙe da gudun hijira suke, a ƙara Global Index Medicus na Hukumar Lafiya ta Duniya. Rajistar gwaji ta ClinicalTrials.gov da ICTRP su ne ke tona gwajin da aka yi ba a buga ba.

Kowane rumbu da harshensa, kuma fassarar ce ke cin lokaci. A MeSH, Stress Disorders, Post-Traumatic reshe ne kawai. Uwarsa ita ce Stress Disorders, Traumatic, wadda ta ƙunshi Combat Disorders, da Psychological Trauma, da na damuwar farko-farko. Ka ɗauki uwar da 'ya'yanta duka. A Ovid, dandalin da ake shiga MEDLINE da Embase ta kansa, haka layin yake: exp Stress Disorders, Traumatic/ sannan layi na biyu ptsd.ti,ab,kf. da sauransu. Embase da PsycINFO suna rubuta posttraumatic stress disorder a haɗe. Wani abin da ba kowa ya sani ba: maganin fuskantar abin tsoro a MeSH yana ƙarƙashin tsohon suna Implosive Therapy ne. Kuma kada ka saki post-traumatic ita kaɗai, za ta jawo farfaɗiya, ciwon gaɓɓai da mantuwar bayan buguwar kai. Ɗaure ta kusa da stress, disorder, symptom ko neurosis.

Umarnin kusanci ma ba ɗaya ba ne: adj a Ovid, NEAR/ a ProQuest da Web of Science da laburaren Cochrane, N a EBSCO, W/ a Scopus. Lambar ma tana yaudara, domin adj3 a Ovid kalma biyu kawai yake yarda su shiga tsakani. PubMed ya samu nasa umarnin kusanci a ƙarshen 2022, amma ba ya karɓar tauraro a ciki, sai ka jera siffofin kalmar ɗaya bayan ɗaya. Kuma a PubMed ka nisanci maɓallan gefe na Humans da na shekarun haihuwa. Sun dogara ne da fihirisar MeSH, don haka duk bayanin da ba a yi wa fihirisa ba zai faɗi, har da sababbin da ka shigo nema. In dabbobi kake son cirewa, cire waɗanda aka yi wa alamar dabba ba tare da alamar mutum ba, ka bar saura. Google Scholar kuwa haruffa 256 yake karɓa, ba ya nuna sama da sakamako 1,000, kuma abin da ya nuna maka yau ba lallai ya nuna wa wani gobe ba. A ɗauke shi a matsayin ƙari, a duba ɗari biyun farko.

Gwaji, tsaftacewa da rahoto

Kafin ka yarda da nemanka, ware maƙalu goma zuwa ashirin da ka tabbatar sun cancanci shiga, waɗanda ba su ne ka ciro kalmomi daga cikinsu ba. Duba ko kowace tana cikin rumbun, sannan ko nemanka ya kamo ta. In tana ciki bai kamo ta ba, laifin dabararka ne, buɗe bayaninta ka ga kalmar da ta ɓace. In ba ta ciki sam, ka koyi wani abu game da iyakar rumbun. Wannan gwaji na awa biyu ya fi kowace muhawara kan wane rumbu ya fi. Bayan haka a ba wani ma'aikacin laburare dabam ya duba dabarar bisa jagoran PRESS na 2015, domin baka ɗaya da ta zauna ba a wurinta ba tana iya zubar da ɗaruruwan bayanai.

Sauke komai a tsarin RIS, kowane rumbu a fayil ɗinsa, da suna mai ɗauke da rumbu da kwanan wata. Rubuta adadin kowanne kafin ka gauraya. A manhajar adana bayanan wallafa, Zotero ko EndNote, fara shigar da MEDLINE da Embase, PTSDpubs ya zo daga baya, domin in an tarar da maimaici a riƙe bayanin da ya fi cika. Bar manhaja ta cire waɗanda suka yi daidai a take, shekara da shafi, amma babin littafi da kundin digiri a duba su da ido. Kundi da maƙalar da aka ciro daga cikinsa ba maimaici ba ne, rahoto biyu ne na bincike ɗaya, kuma kundin yakan ƙunshi sakamakon da maƙalar ta bari. A haɗa su a matakin tsamo bayanai. Daga nan sai manhajar Rayyan ko Covidence domin tantancewar mutum biyu, kowa ba ya ganin hukuncin ɗan'uwansa.

A rahoto, PRISMA-S na 2021, jagoran bayyana yadda aka yi nema mai sharuɗɗa 16, yana neman sunan rumbu da dandalin da aka shiga ta kansa, cikakkiyar dabarar kowane rumbu kamar yadda aka gudanar da ita, ranar nema, duk wata iyaka da dalilinta, da yadda aka cire maimaici. Ga PTSDpubs muna ƙara abu ɗaya: faɗi a sarari cewa ka bar ƙafar ciwon da gangan saboda rumbun na batun ne, in ba haka ba mai duba maƙalarka zai zaci mantuwa ce. Sannan a sake gudanar da neman kafin miƙa aikin. Ƙa'idar Cochrane ita ce kada ya wuce wata 12 kafin bugawa, wata shida ya fi. A wannan zagaye na biyu, kada ka taƙaita PTSDpubs da shekarar wallafa. Sake gudanar da neman gaba ɗaya ka cire abin da ka riga ka tantance, domin maƙalar da aka buga shekara biyu da suka wuce tana iya kasancewa sai yanzu aka shigar da ita.